Kwalbar da Ta Ƙi Ƙarewa

Shekarar da baffana ya biya wa kakata kujerar Makka, ni kuma ina cikin shekarata ta biyu da kama aikin jinya a wani ɗan ɗakin shan magani a ƙasar Kankara. Lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa ya ruɗa kowa. Baffan nan nawa da muka sani yana tallan goro a tasha, sai ga shi a Kaduna yana kwangilar siminti, ya ajiye tumbi, ya sayi mota. Ni ma ban tashi a banza ba, na samu babur sabo fil. In na saka farar rigata na soka biro biyu a aljihu, ji nake daga Kankara har Sabuwa babu wanda ya kai ni sani, alhali ɗaya biron ma ba ya rubutu.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, tana zaune a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya tare da gwaggona, autarta. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi har na shiga makaranta. Sana'arta koko, tun kafin a haife ni take damawa. Tsakanina da ita wasa ne na kaka da jika: tana ce mani maigida, ni kuma in ce mata tsohuwa idan tsokana nake ji, in ce Kaka idan wani abu nake so. Ban taɓa ganin ta ƙwallafa rai a kan abin duniya ba, in ban da abu guda. Duk wanda ya dawo daga aikin hajji a yankinmu, sai ta wanke ƙafa ta je ta zauna gabansa, ta sa ya ba ta labari tun daga hawa jirgi har sauka, sannan ta dawo gida tana goge ido da bakin zane. Ranar da saƙon Baffa ya iso cewa bana da ita za a tafi, kokon ranar kyauta ta rabar da shi.

Sai azumi ya zo mata da ciwon ciki. Ta daɗe tana fama da ƙwannafi, tana kashe shi da kanwa, amma wannan karon abin ya wuce kanwa. Ta ƙi ajiye azumi ko ɗaya. A shekarun nan kuwa masu tallan magani a tire sun cika kasuwanni, kowa likita ne. Su suka haɗa ta da kafso ja-da-yalo da hodar ciwon kai, ta riƙa afawa da sahur, wani lokacin ciki babu komai sai ruwa. Bayan ƙaramar salla da kwana biyu aka aiko mani cewa in zo, tsohuwa ba ta iya haɗiye ko kunu.

Na same ta a kwance ta duƙunƙune, ta dafe ƙahon zuci da hannu biyu. Ta rame har wuyanta ya fito. Duk da haka da ta gan ni sai ta ce, da ƙyar muryar ke fita, “Maigida, sai yanzu? Halan sabon babur ya hana ka tuna iyali.”

Na ce ta buɗe baki. Wani farin abu ya lulluɓe harshen da dasashi da ganɗa kamar kindirmo, in an ɗan goge sai ka ga ja a ƙasa. Gefen leɓɓanta duk sun tsage. Na san wannan, kafson da ta yi ta sha ne ya jawo shi. Na danna cikin a hankali, da na zo ƙasan ƙirji sai ta riƙe mani hannu. Alamun gyambon ciki ne ƙarara, hodar nan ce ta ƙara masa wuta. Na tattara kafso da hodar da na gani na zuba a aljihu, na yi wa Gwaggo faɗa iya yadda ɗa zai iya yi wa ƙanwar ubansa, wato ƙasa-ƙasa.

Washegari na dawo da magani iri biyu. Na baki shi ne shuɗin nan da muke kira ji-bi, a 'yar ƙaramar kwalba. Na nuna wa Gwaggo yadda za ta naɗa auduga a tsinke ta shafe mata bakin safe da yamma, bayan ta kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Na ciki kuwa farin magani ne a babbar kwalba, mis-mag, wanda da hannunmu muke haɗa shi a wurin aiki daga gari. Aikinsa ya kashe zafin tsamin ciki don gyambon ya samu ya warke. Na jijjiga kwalbar kamar yadda hannuna ya saba, na zuba cokali biyu na ba ta, na ce haka za a riƙa yi sau uku a rana. Na hau babur na tafi, ina jin na gama aiki.

Bakin bai ba mu wahala ba. Da na dawo bayan mako guda farin ya baje, tsagar ta rufe. Shuɗin ma ya yi wa Kaka daɗi, ta sa an kawo mata madubi, tana cewa rabonta da kwalliya irin wannan tun tana amarya. Amma cikin yana nan yadda yake. Na tambaya ko ana shan farin maganin, Gwaggo ta ce ana sha ba fashi. Na miƙa mata kwalba ta biyu a zaure na juya. Mako na uku aiki ya riƙe ni, na ba wani direba kwalba ta uku ya kai. Saƙon da ya dawo mani da shi bai yi daɗi ba: duk abin da ta ci sai ya dawo, ko bayan gida sai an riƙe ta.

Ranar Asabar na je, na tarar da motar Baffa a ƙofar gida. Saura kamar wata guda alhazai su fara tashi. Ya kira ni gindin durumi, da dattawan gidan biyu a zaune, ya ce ya yanke shawara. Ba za a ɗauki wadda ba ta iya tsayuwa a saka a jirgi ba, in ma an saka, wahala za a kai ta. Zai mayar da kujerar ga wani, ita kuma baɗi in Allah ya kai mu. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce a kira wanzami ya yi mata sakiya a ciki, tunda na asibiti ya gaza.

Na ce, “Baffa, a ba ni sati biyu.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Sati ukun da anka ba ka, mi ka yi da su?”

Na dai sake roƙo, ya ce ya ji, sati biyu, ranar da suka cika zai dawo ya gani da idonsa. Ashe duk maganar nan tana shiga ɗakin Kaka ta taga. Da na shiga ba ta tsokane ni ba, kuma rashin tsokanar ya fi komai tayar mani da hankali. Fuskarta na kallon bango ta ce, “Baɗi ta masu shekaru kaɗan ce, maigida.” Na fita bayan ɗaki na tsaya, ina jin tsoro da haushin kaina. Matar da ta goya ni za ta rasa abu ɗaya tilo da ta taɓa so, kuma a hannuna.

Na koma na roƙi hutun kwana huɗu wurin maigidana na aiki, wani tsohon malamin asibiti mai haƙuri. Ya saurare ni, ya yi mani tambaya guda: ko na taɓa zama na ga tana shan maganin da idona? Na ce a'a. Ya ce to ai ban fara jinya ba tukuna, raba kwalabe nake yi. Maganar ta yi mani zafi, don gaskiya ce. An koya mana wannan tun shekarar farko a makaranta.

Da safe na isa, na shimfiɗa tabarma a ɗakin Kaka na zauna. Da lokacin magani ya yi sai na ji ta ce wa Gwaggo, “Ɗauko shi a hankali, kada ki motsa mani shi.” Gwaggo ta tura hannu ƙarƙashin gado ta fito da kwalba, ta riƙe ta da hannu biyu tana tafiya sannu-sannu. Kwalbar farko ce, na gane ta da rubutuna. A cike take har wuya. Farin ya kwanta a gindi ya daskare, sama kuwa ruwa ne garau. Gwaggo ta karkata ta da dabara, ta tsiyayi cokali biyu na ruwan saman ta ba Kaka. Sannan ta je randa ta ɗebo ruwa a ludayi, ta mayar da abin da aka rage, ta toshe.

Na ce, “Gwaggo, ina sauran kwalabe biyun?”

“Suna nan, ko buɗe su ba a yi ba. Wanga ɗin ma bai ƙare ba.”

Kaka ta ce, “Maganinka dai akwai albarka, wannan kam na yaba. Aiki ne ba ya yi.”

Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka. Mako uku kakata tana shan ruwan randa cokali biyu sau uku a rana, ba fashi. Kuma ba wauta suka yi ba. Haka ake shan jiƙo a gidanmu tun fil azal: a zuba saiwa ko sassaƙe a ruwa, a bari ya kwanta, a sha na sama, a ƙara ruwa, har ranar da ya salance. Babu mai hankalin da zai kaɗa jiƙo ya sha guggubinsa. A jikin kwalbar akwai rubutun da ya ce a girgiza kafin a sha, amma da Turanci, kuma a gidan nan ni kaɗai nake karanta shi. Ni ɗin kuwa na girgiza a gabansu ranar farko, ban buɗe baki na ce haka ake yi ba, don ban ma san na yi ba. A nan ne Gwaggo ta faɗa mani sauran: da suka ga fari ba ya aiki, in ciwon ya tashi sai a sayo hodar ciwon kai a ba ta a ɓoye.

Na zubar da kwalbar farko, na ɗauko sabuwa, na jijjige ta har ta zama fari fat, na zuba a cokali. Kaka ta kalli cokalin ta kau da kai.

“Ka dama mani guggubi ka ce in sha? Alli ne wanga. Na tsufa ina jiƙa magani, ban taɓa ganin inda anka sha na ƙasa ba.”

Na fara bayani irin na makaranta. Na yi maganar tsamin ciki, na yi maganar garin da ba ya narkewa a ruwa, har da zane a ƙasa da tsinke. Tana kallona irin kallon da take yi wa mai tallan atamfar da ta san za ta zuba. Na yi lallashi, na yi fushi, na ce to ni ne maigida, umarni na ba ta. Ta ce maigidan da bai taɓa kawo cefane ba ba ya ba da umarni. Cokali na hannuna har hannun ya gaji.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina huci, sai idona ya kai kan Gwaggo a tsakar gida. Tunda Kaka ta kwanta ita ta riƙe sana'ar kokon. Ta tace gero tun jiya, gasara ta kwanta a gindin ƙwarya, yanzu tana tsiyaye ruwan saman a kwata. Na ce ta dakata. Na ɗauko ƙwaryar da kaina na shigo da ita na ajiye gaban gado.

“Kaka, in na zo shan koko, kika tsiyayo mani ruwan nan na sama kika tafasa kika ba ni, kin ba ni koko?”

“Ka taɓa ganin na cuci wani?”

“To ina kokon yake, sama ko ƙasa?”

Ta leƙa ƙwaryar. Ta juya ta dubi kwalba ta uku da ke gefe, wadda ba a taɓa ba, fari a ƙasa ruwa a sama. Ta sake duban ƙwaryar.

“Ashe gasara ce,” ta ce a hankali. Sai kuma ta harare ni. “To mi ya hana ka hwaɗi tun farko? Ka kawo mani gasara ka bar ni ina yi mata shan jiƙo. Shekara nawa kana boko, kalma ɗaya ta gagare ka.”

Na amsa laifina, don nawa ne. Ta ce in ba ta kwalbar. Da hannunta ta girgiza ta, ta ɗaga ta wajen haske ta tabbatar babu abin da ya rage a gindi, sannan ta yarda na zuba. Ta shanye, ta yatsine fuska, ta ce ko gishiri ba mu iya sakawa ba.

Kwana huɗun nan na yi jinya irin wadda aka koya mani. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunu mai ruwa, dafaffiyar madara, daga baya ɗan fate ba yaji. Bayan ta ci da ɗan lokaci, sai farin magani, ni ke zaune har ta haɗiye. Na hana kanwa, na hana hoda, na sa Gwaggo ta yi mani alkawari. A kan goro ne muka yi yaƙi sosai, muka rabu a kan ɓari guda bayan la'asar. Rana ta biyu amai ya tsaya. Rana ta uku bayan azahar na leƙa na ga tana barci a miƙe, hannuwanta a gefe, ba a kan ciki ba. Na tsaya ina kallonta, daɗi ya cika ni har na ji idona ya kawo ruwa. Rana ta huɗu ta ce ita fa ta gaji da abincin jarirai, a tuƙa mata tuwo.

Kafin in tafi na ɗora mata wani aikin: kullum ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, in ta saba ta kai rijiya, in ta saba ta kai bakin gona. Na ce can inda za ta, da ƙafa ake yawancin ibadar. Wannan ba ta yi gardama a kansa ba.

Da na koma aiki abin bai bar raina ba. Ranar kasuwa, da layi ya yi tsawo, duk wanda na taɓa ba farin magani sai in tambaye shi yadda yake sha. Na sha mamaki. Da yawansu shan jiƙo suke yi masa. Wani dattijo daga wajen Daudawa ya ce tasa kwalbar tun bara take, har maƙwabta yake sam ma. Mu kuma muna zaune muna cewa mutanen ƙauye ba sa jin magani. Daga ranar, duk wanda zan miƙa wa kwalba sai na ce, “Wannan gasara ce, ba jiƙo ba. Na ƙasan shi ne maganin, a kaɗa kafin a sha.” In sa shi ya girgiza a gabana. Ban taɓa maimaita wa kowa sau biyu ba, musamman mata. Maigidana ya ji, ya yi dariya har da tari, shi ma ya ɗauka. Ba a jima ba mutane suka fara zuwa suna cewa a ba su gasarar ciki, kuma suna dawowa da kwalba babu komai a cikinta, suna godiya.

Ranar da sati biyu suka cika na riga Baffa isa. Yana shigowa da sallama ya tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, malmalar tuwon dawa a gabanta da miyar kuka, tana ci tana yi wa Gwaggo faɗa kan ta cika wa koko ruwa. Ya tsaya riƙe da makullin mota. Ta bar shi a tsaye har ta suɗe hannu, sannan ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta taka har inda yake.

“Ka ba da kujerar tawa?”

Ya durƙusa. “Tana nan, Inna.”

“To tashi ka tahi ka shirya. Ni na shirya tun kana goye.”

Da Baffa zai tafi ya kira ni gindin durumin nan, gaban dattawan da suka yi maganar wanzami, ya ba ni hannu, ya ce mani Malam. Bai taɓa ba ni hannu ba sai ranar. Ni na kai ta aka yi mata alluran matafiya, ni na haɗa mata ƙwayoyin maganin ciki na taunawa a ƙullin leda, tunda kwalba ba ta jin daɗin tafiya. Ranar tashi rabin ƙauyen suka rako ta bakin hanya.

Bayan babbar salla da 'yan makonni aka ce sun sauka Kano. Na je na jira a ƙauye tare da kowa. Da motar Baffa ta tsaya, mata suka rangaɗa guɗa, sai ga ta ta fito cikin farin mayafi, ta yi baƙi, ta rame kaɗan, tana murmushi da sabon haƙorin Makka. Mutane suka yanyame ta. Na tsaya baya ina jira a rage, sai na ga tana ɗaga kai tana nema. Da ta hango ni ta ture hannuwan da ke riƙe da ita ta taho.

Ta kama hannuna ta ce, “Safa da Marwa, sau bakwai, da ƙahwata. Ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya riƙe ni. Na ga Ɗakin Allah da idona, maigida.”

Da ƙyar na ce, “Sannu da zuwa, Hajiya.”

Ta karkato kunne. “Mi ka ce? Jirgi ya toshe mani kunne.”

“Na ce sannu da zuwa, Hajiya.”

“Ɗaga murya.”

Kunnenta ƙalau yake, na sani, ita ma ta san na sani. Na ɗaga murya na sake faɗa yadda duk wanda ke wurin zai ji, ita kuma ta tsaya ta rufe ido tana saurare, hawaye na bin kumatunta.